A tambayi dangin uwa kafin a yi wa yaro kaciya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan gwajin jini. Tunda aka sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024 kowa ya san jinotaip, AA da AS da SS har yara sun haddace, madalla. Amma fa akwai cutar jini da wannan takardar ba ta nunawa sam, wato hemofiliya, wadda jinin mutum ba ya saurin daskarewa saboda sinadarin da likitoci ke ce wa fakto 8 ko fakto 9 ya yi ƙaranci a jikinsa.

Ni ba cewa na yi a tara jama'a a gwada kowa ba. Cutar ba ta da yawa, kamar namiji 1 ne cikin 5,000 da ake haifa, to ina kuɗin, ina lab ɗin? Maganar ita ce wa za a ware a gwada, kuma wannan da baki ake fara shi ba da na'ura ba.

Ta wajen uwa take biyowa. Uwar lafiyarta kalau yawanci, amma duk ɗa namijin da ta haifa ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi ne. Shi ya sa tambayar dangin uba da muka saba ba ta wadatar ba, a tambayi mai jego ko tana da wa ko ƙane ko kawu da jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya ko cire haƙori, ko wani da ya rasu yana ƙarami aka ce mayu ne suka kama shi. In ta ce e, wallahi kada aska ta taɓa jaririn nan, ko cire beli ko tsaga ko kaciya, sai an kai shi an yi gwajin APTT mai auna saurin daskarewar jini, in ya nuna matsala a auna fakto ɗin a babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko na Shika.

Sai kuma yaron da ya fara rarrafe ko tafiya ka ga jini ya kwanta masa a ƙarƙashin fata ba wanda ya doke shi, gwiwa ta kumbura ta yi zafi ya ƙi takawa, a ce targaɗe ne a kai shi wajen mai ɗori ya yi ta murzawa, alhali jini ne ke taruwa a cikin gaɓar, murzar ma ƙara ɓata ta take yi. Irin wannan yaron shi ma a gwada shi ko da ba a taɓa jin labarin cutar a danginsu ba, don kusan kashi 1 cikin 3 haka take ɓullowa ba tarihi. Kuma kar a ba shi asfirin.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya, ta zauna da sarakunan aska da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci, musamman kafin sanyi ya shigo lokacin da ake tara yara a yi musu kaciya gida-gida. Wanzami shi ke fara ganin yaro kafin likita, in ya iya wannan tambayar ya san wanda zai ce wa a wuce asibiti tukuna.

Na gode.
Mai karanta jaridarku kullum, daga Kano