Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga situdiyon da ya mayar da zaman ɗaukar hotona tallarsa

Zuwa ga Manaja,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa.

Na kawo wannan magana bainar jama'a ne domin saƙonnin da na aiko muku ta waya da imel ba su samu amsar da ta wuce "za mu duba" ba. Ba zan kama sunan kamfaninku ba, kun san kanku. Amma ina so duk mai shirin shiga situdiyo ya zauna gaban kyamara ya san abin da zai iya faruwa da shi a bayanta.

Na biya kuɗin zaman ɗaukar hoto na musamman, irin wanda ake shirya komai a cikin ɗaki: bangon takarda, kujera, furanni, tufafin da aka zaɓa, da kwalliya. Hotunan na aikina ne, waɗanda zan sa a shafina da takarduna. Abin da muka yi da ku shi ne mutum uku za su kasance tare da ni, mai ɗaukar hoto, mai kwalliya, da mai kula da tufafi. Da na shiga sai na tarar da na huɗu, wani saurayi riƙe da waya a kan sandar da ke hana hoto rawa, yana zagaya ni tun kafin in zauna. Na tambaya, aka ce mini bidiyon na cikin gida ne, don koyar da sababbin ma'aikata. A kan wannan magana na amince.

Wata abokiyar aikina ce ta fara turo mini shi daga shafinku na Instagram, daga baya na ga kun sa shi a TikTok ma. Ga ni da rabin fuska an yi kwalliya, rabi ba a taɓa ba. Ga bayan rigata an danne da maƙalai don ta zauna a jiki, abin da ake yi a kowane situdiyo kuma ba a nuna wa duniya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne muryata. Ana jin ina gaya wa mai kwalliya dalilin wani tabo da ke gefen wuyana, maganar da na yi mata a hankali, a matsayin mace da mace, ban san makirufo na buɗe ba. Kuka rufe bidiyon da hotona na kafin gyara da na bayan gyara gefe da gefe, da lambar wayarku a ƙasa. Mutanen da ban sani ba suna ta tofa albarkacin bakinsu a kan fuskata.

Ma'aikacinku ya ce mini ai hoto mallakar wanda ya ɗauka ne. Na san wannan, haka dokar haƙƙin mallaka take a ƙasashe da yawa, kuma ban ja ba. Sai dai mallakar hoto daban, izinin yin talla da fuskar mutum daban. Shi ya sa masu wannan sana'a suke da takardar izini ta musamman da wanda aka ɗauka zai sa wa hannu, wadda ke fayyace inda za a yi amfani da hoton da kuma don me. Takardar da na cike a wurinku suna ne da lambar waya da lokacin zuwa. Idan akwai wata da na sa wa hannu, ku nuna mini.

Da bidiyon ne kaɗai, da wasiƙar ta tsaya nan. Amma da hotunan suka iso na gane cewa bidiyon ne ya ɓata su, kuma a nan nake so ku saurare ni da kyau.

Akwai manyan filasha biyu a ɗakinku, kowace da akwatin tausasa haske a bakinta. Ba a kunna ko ɗaya ba. An yi aiki da fitilun LED masu ci ba tsayawa, domin walƙiyar filasha tana ɓata bidiyon waya, takan bar rabin allo fari rabi duhu. Wato an zaɓi hasken da ya dace da tallarku a zaman da ni na biya. Fitilun nan ba su da ƙarfin filasha, kuma kyamara ba ta ɓoye abin da aka yi da ita, tana rubuta shi a cikin kowane fayil. Hotunana sun nuna ISO 3200 (ma'aunin yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da ta samu, wanda yawansa ke jawo ƙura-ƙura), saurin rufewa 1/60 na daƙiƙa, buɗewar gilashi f/1.8, wato a wangale. Wanda ke aiki da filasha a situdiyo yawanci yana kan ISO 100, da 1/125 zuwa 1/200, da kusan f/8, inda fuska ke fitowa tas daga hanci har kunne. Nawa kuwa ƙura-ƙura ta cika wuraren duhu, hannuna ya yi dishi-dishi duk inda na ɗan motsa, kuma a yawancinsu ido ɗaya ne ya fito sosai, ɗayan ya dusashe.

Sannan an bar ƙwayayen saman ɗaki a kunne don kusurwoyi su yi haske a bidiyo. Fitilun LED ɗin fari ne irin na rana, kusan 5500 a ma'aunin launin haske na Kelvin, ƙwayayen sama kuwa masu ruwan ɗorawa ne, wajen 3000. Kyamara launin haske ɗaya take iya daidaitawa a lokaci guda. Shi ya sa goshina ya fito da wani launi, kumatuna da wani. Wannan darasi ne na makon farko ga mai koyon hoto, ba na jin mai ɗaukar hotonku bai sani ba. Na ga ya kai hannu zai kashe ƙwayayen saman, saurayin mai waya ya ce ya bari.

Aka zo gyara a kwamfuta, maimakon a kira ni a sake zama, sai aka shafe fatata baki ɗaya don a ɓoye ƙurar da bambancin launin. Babu ƙofar gashi, babu layin dariya, kamar an goge fuskar da dutsen guga. Kuma an haskaka ni. Wuyana da bayan hannuna sun tona asirin, domin an manta da su, launinsu bai yi daidai da na fuskar ba. Ban nemi wannan ba, kuma ba zan taɓa nema ba. Ni baƙa ce, haka nake son a gan ni, musamman a hoton da mutum zai kalla kafin ya haɗu da ni ido da ido.

Wannan matsala tana da tarihi a sana'arku. Tun shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto sun riƙa daidaita launi da katin gwaji na Kodak mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, sai a 1995 kamfanin ya fitar da wanda ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. A wancan zamani ana iya ɗora laifi a kan fim da sinadaran wanki. Kyamarar yau tana ɗaukar baƙar fata da kyau ƙwarai idan an auna haske a kan fuskar wanda ke zaune, an sa faifan mayar da haske a gefen inuwa, an ɗan ware mutum daga bango da fitilar baya. Duk kayan nan suna jingine a ɗakinku. Saboda haka hasken da aka ƙara mini zaɓin wani ne da ya ga cewa haka na fi kyau, kuma aka nuna wa jama'a shi a matsayin gwanintarku.

Ba na ganin laifin mai kwalliya. Ta yi aikinta da natsuwa, ta tambaye ni kafin ta sa kowane abu, kuma fuskarta ta nuna ba ta ji daɗin yadda wayar ke shigowa tsakaninmu ba.

Abin da nake nema a wurinku a bayyane yake. Ku sauke bidiyon daga duk shafukanku, har da guntayen da kuka yanka daga cikinsa, ku goge asalinsa daga wayar da ta ɗauka da duk inda aka ajiye shi, ku tabbatar mini da hakan a rubuce. Ku ba ni fayilolin RAW na zaman, wato ɗanyun hotunan yadda kyamara ta ɗauke su kafin kowane gyara, ko da ba al'adarku ba ce, domin da su ne kawai wani zai iya dawo da launin fatata na gaskiya, abin da JPEG, wato kammalallen hoton da aka riga aka shafe, ba zai bayar ba. Game da kuɗina kuwa, ko dai ku mayar mini, ko ku sake zaman da filasha, ƙofa a rufe, babu kowa sai mutum ukun da muka yi magana, kuma a haɗa kyamara da kwamfuta in riƙa ganin hotunan yayin da ake ɗauka.

Akwai kuma sauran mutanen da na gani a shafinku cikin irin wannan bidiyo, wasu ma da yara. Ku tuntuɓe su ɗaya bayan ɗaya ku ji ko sun san suna can. Daga yanzu ku sa tambayar a takardarku da manyan haruffa, wanda ya yarda ya sa hannu, wanda bai yarda ba a ajiye waya a waje.

Na riga na kai rahoton bidiyon ga dandalin biyu a matsayin keta sirri. Ina ba ku mako ɗaya daga yau. Idan ya wuce yana nan, zan miƙa takardu da hotunan ga hukumar kare haƙƙin masu saye da kuma lauya.

Na gode da saurarona.

Taku,
Wata abokiyar cinikinku