Zuwa ga 'yata, kan jarrabawar Linux da take shirin zaunawa

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi, mamarki tana gaishe ki. Tun daren da kika kira kika ce kin tara kuɗin jarrabawar Linux, babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta, kuma wani abokin karatunki ya ce zai sayar miki da tambayoyin da ake fitarwa, maganar ba ta bar raina ba. A waya ban iya faɗa miki duk abin da ke bakina ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Bari in fara da abin da ya taɓa faruwa da ni. Lokacin ina aikin kula da kwamfutocin wani ofis, aka sayo sabon faifan ajiya don a ƙara wa sabar ofishin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da takardun ma'aikata. Na haɗa shi, na kwashe fayiloli na zuba a ciki, komai yana tafiya lafiya lau, na kulle ofis na tafi gida. Cikin dare aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, na'urar ta mutu. Da safe da ta tashi, sai ga babu faifan, babu fayilolin. Mutane sun yi layi a ƙofar ɗakina, shugabanmu yana tsaye a kaina, gumi na keto mini duk da sanyin ɗakin. Ba abin da ya lalace. Layi guda ne kawai ban rubuta a cikin fayil ɗin fstab ba, wanda shi ke gaya wa na'ura ta ɗora faifan duk lokacin da ta tashi. Na san da wannan layi a takarda, amma hannuna bai saba da shi ba.

Wannan ne dalilin da ya sa nake so ki zaɓi jarrabawar da ake yin aiki da hannu. Ta kamfanin Red Hat da ake kira RHCSA haka take: za a ba ki na'ura, a ce ki ƙirƙiri masu amfani, ki raba faifai, ki tsara izinin shiga fayiloli, ki tayar da wata hidima, wato manhajar da ke aiki a bayan fage. Sai kin samu maki 210 cikin 300 kafin a ce kin ci. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne, sharaɗi ne aikin da kika yi ya tsaya daram ko an kashe na'urar an sake kunnawa. Wato kuskuren da na yi a ofishin nan, da a jarrabawar ne, da ya cinye mini maki. Ta Linux Foundation kuma, LFCS, ita ma aikin hannu ce ta awa biyu a kan baƙin allon rubuta umarni, kuma kuɗin da kika biya ya haɗa da damar sake zama sau ɗaya idan ba a dace ba. Ga mai tara kuɗi da ƙyar irinki, ga dala ta yi tsada, wannan damar abin dubawa ce sosai. Akwai kuma LPIC-1, wadda takardu biyu ce, kowace tambaya 60 cikin minti 90. Tana da mutuncinta, kuma shaidarta tana kai shekara biyar, amma tambayoyi ne ake amsawa, kuma irinta ce masu sayar da amsa suka fi yi wa kutse.

Game da tambayoyin abokin nan naki, kar ki saya, ko kyauta ya ba ki kar ki karɓa. Satar amsa ce, kuma kafin ki zauna za ki amince da sharaɗin cewa ba za ki yi hakan ba, idan aka gano ana iya soke shaidar. Ko ba a gano ba, ranar da sabar wani asibiti ko banki ta tsaya aka kira ki, takardar ba za ta taɓa miki madannai ba.

Ki ɗauki tsohuwar kwamfutar nan da na ba ki, ki ɗora mata Linux, ki riƙa ɓata ta da gangan kina gyarawa. Ki cika faifan har ya toshe ki ga abin da zai faru. Ki rubuta kuskure a fstab ki ga yadda take ƙin tashi, ki nemo hanyar ceto ta. Ki saba da karanta shafukan bayani na man da ke cikin na'urar, domin ranar jarrabawa ba za a bar ki ki shiga intanet neman amsa ba, su ne abokan shawararki. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fara ƙirƙirar Linux a 1991, kuma har yau a buɗe yake, ba wanda zai nemi ki biya kafin ki duba cikinsa.

Sai batun ranar kanta, tunda daga gida za ki zauna. Mai sa ido zai kalle ki ta kyamara daga farko har ƙarshe. Zai ce ki nuna katin shaida, don haka sunan da kika yi rajista da shi ya zama daidai da na katin, harafi da harafi. Zai ce ki zagaya da kyamara ya ga ɗakin, tebur fayau, babu takarda babu waya. Ki gaya wa gwaggonki tun kwana biyu kafin ranar, ta tsare yara kada wani ya turo ƙofa, domin shigowar mutum ko jin magana na iya sa a dakatar da ke. Kada ki dogara da wutar NEPA. Ki cika batir, a zuba wa janareta mai, ki gwada intanet ɗin a daidai lokacin da za ki zauna, ki kuma tanadi layi na biyu. Idan ta Red Hat kika zaɓa, za ki buƙaci fulash da za ki tayar da kwamfutar da shi da kyamara ta daban, ki gwada su tun da wuri.

Kuɗin mai da na data a kaina, zan turo ta hannun yayanki ƙarshen wata. Idan kin tsayar da rana ki sanar da ni, ni da mamarki za mu sa ki a addu'a. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a. Ki gaishe da gwaggonki da yara.

Mahaifinki