Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Gombe Kan Kulle Asusun Ajiyar Talakawa

Mai Martaba Sarkin Gombe,
Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara maka lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka 'yan kasuwar Tudun Hatsi da manoman da ke kawo mana kaya mun kawo kukanmu fada kan yadda wasu bankuna ke kulle mana asusu ba sallama.

Ranka ya daɗe, mutum zai ciniko buhun wake hamsin, 'yan dako sun gama lodi, direba ya tayar da mota, ya zo yin tiransfa sai kuɗi su ƙi fita. Ya ruga banki, ya wuni a layi, daga ƙarshe a ce masa "umarni ne daga sama". Wane sama? Babu takarda, babu dalili. Mai kaya kuwa ba ruwansa da sama, kuɗinsa yake jira, kuma a kasuwa in aka fara ce maka mai ƙarya, jarinka ya tafi.

Mun san Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni a Disambar 2023 cewa a haɗa kowane asusu da BVN ko NIN ko duka biyun, ba mu ja da wannan. Amma da yawanmu laifinsu harafi ne kawai: Muhammadu a wannan kati, Mohammed a wancan, kuma ma'aikaci ne ya rubuta, ba mai sunan ba. Manomi kuma sai da kaka yake taɓa asusunsa. In ya shekara bai motsa shi ba, sai ya tarar an ce asusun ya yi barci, alhali a ƙa'ida kuɗin nasa ne ko bayan shekara 10. Ba a faɗa masa haka. Akwai zawarawan da suka haƙura da ajiyar mazajensu saboda jeka-ka-dawo.

Ƙa'idar kare masu hulɗa da banki ta 2019 ta ba mu damar kai ƙara Babban Banki idan banki bai warware koke cikin mako 2 ba. Sai dai da Turanci ake rubutawa, ta wasiƙa ko ta intanet, mu kuwa mafi yawanmu ajami muka iya.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira manajojin bankuna da shugaban reshen Babban Banki na Gombe a zauna a fada. A riƙa sanar da mutum da Hausa kafin a taɓa asusunsa, a ba shi wa'adin gyara takardunsa. In kotu ce ta ce a riƙe, a nuna masa takardar. In banki ne ya gaji da shi, ya miƙa masa kuɗinsa cif ya ƙara gaba. Muna kuma so a ware tebur guda a reshen Babban Banki inda za a saurari koke da baki.

Sunayenmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya taimaki Sarki.
Talakawanka na Tudun Hatsi, Gombe.