Masu gyaran banɗaki da kicin a tsofaffin gidajen Kano, ina ruwan zai bi?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari. Dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridarku mai farin jini in yi magana da 'yan uwana na cikin birnin Kano, musamman masu gidajen gado na ƙasa irin namu, mutanen Yakasai da Mandawari da Madabo da Dala da Jakara da Ƙofar Mata da sauransu, akan wannan gyaran banɗaki da kicin da ya zama yayi yanzu, wanda kowa ya ɗan samu kuɗi sai kaga ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ya lodo tayil a Adaidaita Sahu.

Ni ba injiniya bane, abinda ya faru a gidanmu ne ya hanani yin shiru. Gidan kakanmu ne ya gina shi, tubali da jar ƙasa, rufin azara, kaurin bangon yafi kamu ɗaya, irin ɗakin nan da ko ana tsakiyar zafin bazara in ka shiga sai kaji kamar an yayyafa maka ruwan randa. Bara waccen ƙanina zai yi aure aka yanka masa ciki da falo a ɓangaren da ke jikin ɗakin Hajiyarmu, dangin amarya suka ce lallai sai da banɗaki a ciki, kuma ban ga laifinsu ba, zamani ne ya zo da haka. Muka kira birkila da falamba, sati biyu suka gama, tayil fari tas har sama, duk wanda ya leƙa sai yace masha Allah. Abinda bamu lura da shi ba, sun sassaƙe bangon ƙasan ne suka cusa bututun ruwa a cikinsa, suka shafe da siminti suka manna tayil akai.

Ba a fi wata bakwai ba Hajiya ta fara cewa ɗakinta na warin danshi. Muka ja kabad ɗinta sai ga gindin bango yayi baƙi, wani farin abu kamar kanwa ya feso a jiki, atamfofinta na ƙasan kabad duk sun yi funfuna, har da wadda take ajiya tun ta aikin Hajjinta. Muka ce ƙila damina ce. Ranar wata Laraba cikin markar Agusta wajen asuba sai muka ji rugum, fatar bangon ce ta ɓallo gaba ɗaya ta zubo a ƙafar gadonta, Allah ne ya tsare ta fita tsakar gida yin alwala. Wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Da aka buɗe wajen sai aka tarar mahaɗin bututun ne ke ɗiga tun ranar da aka sa shi, ƙasar cikin bangon ta koma kamar kunu, na sa hannu na damƙo ta tana bin yatsuna, kan azara biyu ya fara ruɓewa gara ta shiga.

Wani dattijon magini na unguwarmu da muka ɗauko daga baya, wanda da shi ya kamata mu fara, ya daɗe yana kallon wajen sannan yace min "yaro, bangon ƙasa numfashi yake, in ya sha ruwa iska da rana ke busar da shi, ku kuma kun toshe masa hanci ta gaba da tayil sannan kun zuba masa ruwa ta ciki". Maganar ta zauna min. Mutanen zamanin da ba wai basu san ruwa bane, sun san shi sarai. Shi yasa suke yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, suke shafa laso da ake haɗawa da katsin marina a saman soro, suke fitar da indararo nesa da jikin gini, rariya kuma a gangara ta har waje. Makewayi kuwa can ƙarshen gida ake kai shi nesa da ɗakin kwana, ai sunan ma ya faɗa, bayan gida. Mu yanzu mun jawo bayan gida mun kawo shi cikin ɗaki, to ba laifi, amma sai a yi masa irin ginin da zai iya riƙe ruwansa.

Yadda dattijon ya sa aka sake aikin shine, aka gina wani bango na bulo daban daga ciki mai nasa tushen, aka bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bangon ƙasan, shi aka manna wa tayil. Bututu duk aka fito da su fili ta waje inda ido zai gansu, ba kyau a ido kam amma ranar da ya fara ɗiga a ranar zaka gani. Daɓen aka karkata shi zuwa magudana, kuma kafin a sa tayil ya sa aka toshe magudanar aka cika ƙasan da ruwa ya kwana, da safe aka duba ko ya ragu. Wannan gwajin ko sisi baya ci, amma na tambayi abokaina huɗu da suka yi irin gyaran ba wanda aka yi wa.

Sai babbar maganar da tafi damuna, sokawe da rijiya. Masana lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar da ake sha. To a cikin birni gidan ma gaba ɗayansa wani bai kai mita 30 ba, ga shi an raba gado kowa ya yanki nasa ya haƙa tashi sokawe, gida ɗaya sai ka samu rami uku ko huɗu. Kai kana ganin ramin a lungun tsakar gidanka yake, baka san rijiyar maƙwabcinka na bayan wannan katangar ba, taku biyar. Tsohuwar shaddar kakanni ruwan buta kawai ke shiga cikinta, ita kuwa sokawe ta zamani da ruwan wanka da na wanki da na masai duk ciki ake turawa, dole ya nemi hanya a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan in damina ta zauna sai kaji amai da gudawa ya ɓulla a unguwa, yara ake fara ɗauka. Dan Allah kafin ka sa diga ka yi sallama da maƙwabci ka tambaye shi ina rijiyarsa take, wannan ma ai yana cikin haƙƙin maƙwabtaka. Kuma ka tuna lungunanmu wani ko baro da ƙyar yake juyawa balle motar kwasar masai, to ka ajiye bakin ramin inda tiyo zai iya kaiwa.

Masai na zama mai tanki kuwa, kowane ja ɗaya yana tafiya da lita 6 zuwa 9, jarkar mai garuwa kuma lita 25 ce, kenan ja uku ko huɗu jarka ta ƙare. Wanda famfonsa ke zuwa ko yake da burtsatse da tanki a sama to madalla, wanda kuwa da 'yan garuwa ya dogara gara ya sa na tsuguno wanda buta ɗaya ko biyu ke wanke shi, indai yana da gwiwar nan mai riƙe ruwa da ke hana wari da ƙuda dawowa. Sai dai tsofaffi, su kam na zaman shine rahama, Hajiya gwiwa ta hanata tsuguno, mun sa mata shi da ƙarfen dafawa a bango, tayil ɗin ƙasan kuma mai kaushi muka zaɓa. Mai sheƙin nan in sabulu ya taɓa shi tsantsinsa ba kama ƙafar yaro balle tsohuwa mai shekara 70.

Kicin ma haka. Madafinmu na da a buɗe yake, rumfa ce da murhu, hayaƙi ya tashi ya tafi abinsa. Yanzu ana zagaye shi da bulo a sa silin a sa ƙofa, taga kuwa 'yar mitsitsiya ko babu, a jera kabad, sannan a shigo da tukunyar gas a tura ta ƙarƙashin kantar girki a rufe. Shi gas yafi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya ya taru, ashana ɗaya ta isa. A fitar da tukunyar waje inuwa, a ratso da tiyo mai kyau, a buɗe taga babba da 'yar kafa ta ƙasa. Ranar da gas ya ƙare kuma kar a shigo da kurfoti cikin rufaffen kicin, gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum sai dai yaji jiri ya faɗi. Kuma a tambayi matan gida kafin a zana kicin ɗin, sune masu aikin. Matar yayana ce ta hana a yi tayil a gefe ɗaya tace turmi zai fasa shi, kuma tuwon mutum ashirin ba a tuƙa shi a tsaye akan kantar girki, sai an zauna a kujera an dafe tukunya an ja muciya. Haka aka bar mata fili na daɓen siminti a waje da murhunta, yau shi aka fi amfani da shi.

Roƙona ga masu unguwanni da dagatai da duba-gari su riƙa leƙa irin wannan aikin tun ana haƙa, ba sai bango ya faɗi ba. Hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, da malaman zanen gine-gine na Jami'ar Bayero dan Allah su fitar mana da bayani cikin Hausa a rediyo kan yadda ake sa famfo a ginin ƙasa, a haɗa matasan falamba da dattawan magina da suka rage su zauna tare. Mu dai yanzu Hajiya ta koma ɗakinta, an canza azara biyun an sake yaɓe, saura maganar sokawe da muke kan tattaunawa da maƙwabcinmu na gabas, don rijiyarsa ce mafi kusa, mun ce in an sha iska bayan damina za a ɗebi ruwanta a kai gwaji.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum,
daga cikin birnin Kano