Katin rukunin jini yana raba aure: yaya za mu yi wa magidanta bayani?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu sauraron shirinka. Mu ma'aikatan ɗakin gwajin jini ne a nan Garuwa, mun rubuto ne kan wata fitina da katin rukunin jini ke haddasawa a gidajen aure. Magidanci zai karɓi sakamako ya ga shi A ne, uwargida B, jariri kuma O, nan take fuskarsa ta canza. Wani ya yi tambaya a fili, wani ya ninke takardar ya sa a aljihu ya fice, daga baya a ji an kai matar gidan iyayenta.

A makaranta an koya wa yawancinmu cewa ƙwayar gado iri biyu ce, mai rinjaye da mai ɓuya. Rukunin jinin da Karl Landsteiner ya gano a 1901 ya wuce nan. Ƙwayoyin gadonsa iri uku ne, A da B da O, kowane mutum kuma biyu yake ɗauke da su, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Tsakanin A da B babu mai danne wata. In sun haɗu dukansu suna bayyana, jini ya zama AB. O ce kaɗai ke ɓuya. Saboda haka mai A yana iya zama AO, mai B kuma BO, kati ba ya nuna wannan. In irin waɗannan suka yi aure, a kowane ciki damar zuwan A ko B ko AB ko O daidai take, ɗaya cikin huɗu. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne uba AB, uwa O: a ƙa'ida 'ya'yansu A ne ko B, babu mai ɗauko rukunin uba balle na uwa, alhali kuwa 'ya'yan halak ne.

Shi kansa gwajin yana kuskure, a nan kuma muka fi jin takaici. Ana ɗiga jini a kan faranti, a haɗa shi da ruwan gwaji mai launin shuɗi na A da rawaya na B, a duba dunƙulewa cikin minti biyu. Ruwan nan sai a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In wuta ta yi ta ɗaukewa a zafin Maris da Afrilu ƙarfinsa ya ragu, sai mai A ya fito O. In aka bar ɗigon ya fara bushewa, gefensa ya yi kamar ya dunƙule. Jinin jariri ya fi wuya: alamomin A da B ba su gama ƙwari a jajayen ƙwayoyinsa ba, gwaji na biyu da ake yi da ruwan jini don tabbatarwa kuma ba ya aiki sai ya kai wajen wata shida. Jinin cibiya da ba a wanke ba, da wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku, da kwalbar da aka liƙa wa sunan wani, duk suna ɓatar da mai karatu. Shi ya sa ba a dogara da kati sai an gwada sau biyu, da jinin da aka ɗiba a lokuta daban. Akwai ma wani nau'i da ba kasafai ake samu ba, wanda aka gano a Bombay ta Indiya a 1952: mutum yana ɗauke da A ko B amma gwaji ya nuna O, ya kuma gadar wa ɗansa abin da bai bayyana a jininsa ba.

A ganinmu, zalunci ne a zubar da mutuncin mace a kan ɗigon jini biyu. Rukunin jini ba ya tabbatar da uba, don maƙwabta da yawa rukuninsu ɗaya.

Malam, mun san hadisin mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fata, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa cewa gado kan fizgo daga kakanni. Shin ya dace mu riƙa kawo shi a wurin aiki, ko mu bar wa limamai? Kuma ka taimaka mana da kalmomin da magidanci mai fushi zai tsaya ya saurara.

Tambayar da ta fi mana nauyi ita ce ta ranar da aka sake gwaji, komai daidai, amma lissafi ya ƙi, misali uba O, uwa O, ɗa A. Ƙarya ba za mu yi ba, sirrin mara lafiya kuma amana ne. Wa za mu fara kira, mijin ko matar, ko likita ya haɗa su? Mu ambaci gwajin DNA, ko mu yi shiru sai an tambaya, tunda a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne? In miji ya nemi sakamakon matarsa ba da saninta ba, da wane lafazi za mu hana shi ba tare da mun ƙara masa zargi ba?

Muna sauraron amsarka a shirin mako mai zuwa. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wasu ma'aikatan gwajin jini, Garuwa