A riƙa gaya wa baƙo inda zai kwana tun kafin ya bar gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da mutanenmu ke jin nauyin tattaunawa, alhali kusan kowane gida a Gombe akwai wanda zai buƙace shi wata rana. Maganar masauki ce: inda mutum zai sa haƙarƙarinsa idan lalura ta kai shi babban birni karo na farko, ba shi da ɗan'uwa a can, aljihunsa kuma ba mai nauyi ba.

Ni malamin makaranta ne, na haura shekara 50, amma ban taɓa kwana a Abuja ba sai bara. Na san Kano, na san Jos, Bauchi kuwa gida ce, sai dai a duk garuruwan nan gidan dangi nake sauka. 'Yata ta fari aka kira jarrabawar ɗaukar aiki a wata hukumar tarayya. Kwana biyu za a yi, ranar farko rubutu da ƙarfe 8 na safe, rana ta biyu tantance takardu. Mahaifiyarta ta ce yarinya ba za ta tafi ita kaɗai ba, ni ma ban yi musu ba.

Ba mu bar tasha da wuri ba, motar ba ta cika ba sai da hantsi ya ɗaga. Wanda ya san hanyar ya san wuni ake yi a kanta: Alƙaleri, Bauchi, Toro, Jos, a gangara Hawan Kibo, a bi ta Akwanga da Keffi. Ba mu iso Mararaba ba sai bayan sallar isha. Wani saurayi da muka zauna kusa da shi tun daga Gombe ya ce mini, "Baba, in kuka shiga cikin gari kuɗin ɗaki zai cinye muku guzuri. Ku sauka nan, ai duk Abuja ce." Na tabbata da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma Mararaba a Jihar Nasarawa take, sai ka wuce ta ka shiga Nyanya kafin ka taka ƙasar Babban Birnin Tarayya, daga nan kuma da sauran tafiya zuwa inda ma'aikatu suke. Ni a lokacin ban sani ba.

Wani yaro ɗan kamasho ya karɓi jakarmu, ya ratsa da mu wani lungu zuwa otal ɗin da ya ce shi ne mafi araha. Ɗaki naira 12,000. Na ji daɗin kuɗin, na ce a ba mu biyu. Wanda ke karɓar baƙi ya dube ni, ya dubi 'yata, ya tambaye ni ko na awa muke so ko na kwana. Malam Edita, na yi shekaru ina tsayuwa gaban ɗalibai, ban taɓa jin kunyar da na ji a daren nan ba. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da rana ce da mun juya, amma ƙarfe 10 ta wuce, ba mu san kowa ba, ga kaya a hannu.

Abin da naira 24,000 ta saya mana shi ne wannan. Ƙofar ɗakinta ba sakata, makullin kuma yana juyawa ba ya kamawa, sai kujera muka jingina daga ciki. Famfo ba ruwa. A ƙasan benen akwai mashaya, kiɗa bai tsaya ba sai wajen ƙarfe 2. An kashe janareta da tsakar dare, fanka ta tsaya, sauro ya samu hanya. Na shimfiɗa sallaya a bakin ƙofarta, a nan na kwana zaune, ɗakin da na biya wa kaina ban ko shiga ba. Da asuba ruwan leda na sayo muka yi alwala, ita ta yi wanka da abin da ya rage.

Sai kuma hanya. Dubban ma'aikatan da ke aiki a cikin Abuja a Mararaba da Masaka da Nyanya suke zaune saboda tsadar haya a cikin gari, kuma duk da safe titi ɗaya suke bi. Mun fito ƙarfe 6 muka tarar da jama'a cike da bakin titi, kowace mota ta tsaya sai a yi mata caa. An riga an gargaɗe ni game da masu fashi a cikin tasi, waɗanda ake kira 'yan wan-cans, don haka ban yarda mu faɗa kowace mota ba. Shata na ɗauka, naira 10,000. Muka shiga cunkoso, mota na jan ciki. 'Yata ta shiga ɗakin jarrabawa ana raba takardu, idonta ja, ko shayi ba ta sha ba. In ka haɗa lissafi, daren nan mai araha ya ci naira 34,000, ban sa kuɗin ruwa ba, ban kuma sa barcin da yarinya ta rasa a daren da ta fi buƙatarsa ba. Iyayenmu da suka ce araha ba ta ado sun san abin da suke faɗa.

Ina zaune a inuwa ina jiranta sai na ji mai gadin wani ofis da ke kusa yana waya da Fulatanci irin na wajenmu. Na yi masa sallama, ashe mutumin Dukku ne, ya shekara goma sha a Abuja. Da na ba shi labari sai ya riƙe baki, ya ce, "Malam, ai da ka tambaya." Da ya tashi aiki ya raka mu da ƙafa zuwa wani ƙaramin gidan baƙi a Garki, ba allo mai walƙiya, ba kiɗa. Ɗaki naira 25,000. Ya yi magana da manajan, aka ba 'yata wannan, ni kuma aka ba ni wani ƙaramin ɗaki na baya da suke sauke direbobi a kan naira 10,000. Ruwa na zuwa, wuta ta kwana, akwai masallaci a bayan layin, ga mai shayi a bakin titi. Washegari da ƙafa muka je wajen tantancewa. Naira 35,000 ke nan, bambancin dubu ɗaya tak da daren jiya. Har muka samu sukunin biyawa Eriya 1 muka sayi kilishi na tsaraba.

Tun da na dawo nake juya maganar mai gadin nan. Me ya hana ni tambaya? Na yi sati biyu da sanin za mu yi tafiyar. Na tambayi kuɗin mota, na tambayi takardun da ake buƙata, amma ban buɗe baki na tambayi kowa wane otal zan sauka ba. Dalilin kuwa, a wajenmu kalmar otal ba ta da kyakkyawan suna. Da an ambace ta abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne giya da matan banza. Dattijo ba ya son a ji yana tambayar otal a majalisa, wanda ya saba sauka kuma ba ya son a san ya sani. Haka ilimin ya maƙale a bakin waɗanda suke da shi, baƙo kuma ya faɗa hannun ɗan kamashon tasha, wanda ba ruwansa da barcinka, ladansa yake nema a wajen mai otal. Kunyar da ta hana ni tambaya a gida ita ce ta kai ni inda na ji wadda ta fi ta.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya a makance. Kowane gari akwai zango, akwai fatoma da zai sauke ka, ya adana maka kaya, ya haɗa ka da mai saye. Har gobe dillalan shanu da ke kai dabbobi Kudu sun san gidan da za su sauka a Agege ko a Sabo ta Ibadan tun kafin a loda tirela. Wanda tsarin ya bari a baya shi ne irina: malamin makaranta, ɗalibi mai neman gurbi, mai jinya da aka tura babban asibiti, ɗan fansho mai bin haƙƙinsa, matar da za ta je yin biza. Ba mu cikin wata ƙungiyar fatauci, 'yan'uwan da ke birni kuma da yawa ɗaki ɗaya suke haya da iyali, ba a yi musu adalci ba in aka ɗora musu baƙo biyu.

Ga abin da na koya, ko zai amfani wani. Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, ka fara sanin unguwar da buƙatarka take, ka nemi masauki kusa da ita ko da ya ɗara tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga a birni ya zama abin da zai iya haɗiye duk ragin da ka samu a ɗaki mai nisa. A tsakiyar Abuja kuma an hana acaɓa, ba kamar nan gida ba da za ka ɗaga hannu a kai ka ko'ina. Wanda aikinsa ke Garki ko Wuse ya kwana a Kubwa ko Lugbe ko Mararaba, to ya sa kuɗin mota da awannin cunkoso a cikin lissafinsa tun daga farko.

Ka bar gida da asuba domin ka isa da sauran rana. Wanda ya isa da hasken rana yana iya duba wuri uku ya zaɓa, ya kuma nemi ragi, musamman in zai kwana biyu ko uku. Wanda ya isa da dare abin da aka miƙa masa shi zai karɓa.

Kada ka biya sai ka ga ɗakin da idonka. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Ka murɗa famfo, ka gwada makulli da sakata, ka ɗaga zanin gado ka duba. Ka tambaya ƙarfe nawa ake kunna janareta in an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake kashewa, domin wannan tambayar ita ce ke raba ɗakin kwana da kurkuku a lokacin zafi. Ka tambaya ko akwai mashaya ko wurin rawa a harabar. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa maka shi ne duka, saboda wasu wuraren sai an zo biya a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da wani kuɗin hidima. Ka karɓi rasit. Ka sani yawancin otal ƙarfe 12 na rana ake sallamar ɗaki, in ka wuce sai a nemi ƙari, don haka in hidimarka za ta kai la'asar ka fitar da kayanka tun da safe ka ba su ajiya. Ka riƙe katin shaidarka a kusa, wurin kirki zai nema ya rubuta sunanka, kuma wurin da bai damu da sanin wanda ya kwana a cikinsa ba ni dai ba na sake kai iyalina. Buta ma ka sa a jaka, ba kowane banɗaki za ka tarar da ita ba.

Game da waya, 'yata ta nuna mini daga baya yadda ake duba masaukai a Google Maps, a ga nisansu da inda za ka, a karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta. Abu ne mai amfani ƙwarai, da mun yi shi tun a gida da ba mu sauka a Mararaba ba. Sai dai hoto ba ya nuna wari, ba ya nuna famfon da ya ƙafe. Kuma ban ba kowa shawarar ya tura kuɗi zuwa asusun wani da ya gani a Facebook da sunan kama ɗaki ba. Ka kira, ka yi tambayoyinka, ka ce a riƙe maka, ka biya in ka iso.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ku ware fili ku yi wannan magana a sarari da Hausa. Ku zanta da direbobin Gombe Line da na Yankari Express da ke bin hanyoyin nan kullum, su suka san inda mutumin kirki ke kwana da kuɗi kaɗan. Ku tuntuɓi ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwanmu da ke Abuja da Legas da Kano, da ofishin hulɗa na jiha da ke Abuja, a ji ko za su iya riƙe sunayen masaukai masu mutunci da lambar da baƙo zai kira. Malamanmu ma su taimaka su faɗa wa jama'a cewa matafiyin da ya biya kuɗinsa ya kwana a wuri mai tsafta bai yi abin kunya ba.

Mu kuma na cikin garin Gombe kada mu manta, ga mutumin Nafaɗa ko Shongom da ya kawo mara lafiya asibiti karo na farko, Gombe ita ce Abujarsa. Yana sauka a tasha da tabarmarsa bai san gabas ba, kuma shi ma yana jin nauyin tambaya.

'Yata ta samu aikin, alhamdu lillahi. Wata mai zuwa za ta koma karɓar takardar kama aiki, wannan karon tare da ƙanenta. Na riga na kira mutumin Dukku, ya ce zai yi wa manajan magana a riƙe musu ɗakunan nan biyu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Pantami, Gombe.