Neman Shawara: Inshorar Rai Ga Wanda Ya Taɓa Jinyar Shan Ƙwaya

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu bibiyar wannan fili, ina roƙon ka sakaya sunana idan za ka fitar da wannan wasiƙa, domin abin da zan faɗa ba kowa ne ya san shi ba ko a cikin dangina.

Ni magidanci ne mai mata da ƙananan yara, kuma ni kaɗai ne ke ɗauke da nauyin gidan. Na yanke shawarar yin inshorar rai ta wa'adin shekara ashirin, domin idan ta Allah ta kasance a kaina kafin yaran su kama ƙasa, karatunsu kada ya tsaya, bashin gidan da muke ciki kuma kada ya faɗa kan mahaifiyarsu. Na karɓi fom na fara cikewa, ina wuce tambayoyin hawan jini da ciwon suga da shan taba ba tare da wata damuwa ba, har na iso layin da ke tambaya ko na taɓa amfani da miyagun ƙwayoyi, ko an taɓa yi mini magani saboda shaye-shaye. A ƙarƙashinsa an bar gurbi na rubuta sunan ƙwayar, da lokacin da na sha ta ƙarshe, da sunan likita ko cibiyar da ta duba ni.

Amsata ita ce e. Abin ya faro ne daga karayar da na samu a ƙafa, aka rubuta mini tramadol don rage raɗaɗi. Ƙashi ya ɗinke, ƙwayar ba ta sake ni ba, daga baya ma na haɗa da maganin tari mai kodin. Da ƙafata na kai kaina cibiyar kula da masu shaye-shaye, na kwanta na wani lokaci, sannan aka ɗora ni a kan maganin buprenorphine, wanda ake sakawa a ƙarƙashin harshe, likita yana rage mini shi sannu a hankali har na rabu da shi. A shekarar farko bayan an sallame ni na taɓa komawa ruwa na ɗan lokaci, na koma wurin likitana a kan kari. Yanzu shekara biyar ke nan rabona da ƙwaya, shekara uku kuma rabona da maganin da ya maye gurbinta. Tambayata ta farko a nan take: wanne daga cikin waɗannan lokuta kamfanin inshora yake ƙirgawa a matsayin ranar da na daina? Ranar da aka sallame ni, ko ranar da na sha ƙwaya ta ƙarshe, ko ranar da na ajiye maganin likita?

Wakilin kamfanin da ya kawo mini fom ɗin ya ga na tsaya a wannan layi, sai ya rage murya ya ce in rubuta a'a kawai, tun da gwajin jini da fitsarin da za a yi mini ba zai nuna komai ba bayan waɗannan shekaru. Ya ƙara da cewa idan inshora ta kai shekara biyu, kamfani ba ya sake waiwayar abin da aka rubuta a fom. Maganar ba ta kwanta mini ba. A ƙarshen fom ɗin nan akwai wurin da zan sa hannu in ba kamfani izinin neman bayanan lafiyata daga kowane likita da ya taɓa duba ni, kuma izinin yana iya yin aiki har bayan mutuwata, lokacin da iyalina za su nemi a biya su. Abin da na fahimta shi ne an gina yarjejeniyar inshora a kan cikakkiyar gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu, ƙa'idar da ake danganta tushenta da shari'ar Carter da Boehm, wadda alƙali Mansfield ya yanke a Ingila a 1766. Wa'adin shekara biyun da wakilin ya ambata sananne ne a Amurka, amma dokokin ƙasashe sun bambanta, kuma a wurare da yawa ɓoye gaskiya da gangan yana ba kamfani damar soke yarjejeniyar. Wakilin zai karɓi kamashonsa a wannan watan. Wadda za ta zauna gaban ma'aikacin kamfani wata rana, a ce mata mijinta ya yi ƙarya don haka ba za a biya ba, matata ce, alhali ni ba na nan balle in yi bayani. Saboda haka batun ɓoyewa na riga na rufe shi. Abin da nake nema shi ne hanyar faɗar gaskiyar yadda ba za ta zama sanadin korata tun daga bakin ƙofa ba.

Ba na ganin laifin kamfanonin da suke yin wannan tambaya. Cibiyar NIDA ta Amurka, mai binciken shaye-shaye, tana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani suna sake komawa, adadin da take kwatantawa da na masu hawan jini da asma. Likitana ma ya gargaɗe ni cewa wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa yana rasa juriyar da ya saba da ita, ta yadda adadin da yake sha a da zai iya tsayar masa da numfashi. Ga kuma batun ciwon hanta nau'in B da C da cutar HIV ga masu yi wa kansu allura, abin da ni ban taɓa yi ba, kuma gwaje-gwajena sun fito lafiya. Duk wanda zai ɗauki alkawarin biyan kuɗi masu yawa a kan ran mutum yana da haƙƙin sanin waɗannan abubuwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya nemi magani shi ne yake da fayil. Mutumin da har yanzu yake haɗiyar ƙwaya a ɓoye, bai taɓa zuwa gaban likita ba, babu wata takarda da za ta tona shi. Ni kuwa da na je na zauna a layi, na bi ƙa'ida, na sha maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a jerin muhimman magunguna tun 2005 tare da methadone (wani maganin da ake ba masu jinyar shaye-shaye), kowane mataki da na ɗauka a rubuce yake. Shin akwai yadda wannan fayil ɗin zai zama shaida a gare ni? Likitana ya ce a shirye yake ya rubuta takarda mai nuna lokacin da na fara jinya, da yadda na kammala, da sakamakon gwaje-gwajen da aka riƙa yi mini. Ina kuma da shaidar cewa ina wurin aiki ɗaya tsawon waɗannan shekaru ba tare da matsala ba. In haɗa su da fom ɗin tun farko, ko in jira sai an tambaya?

Sai batun lokaci, wanda shi ya fi hana ni barci. Kamfani yana iya karɓata da ƙarin kuɗin wata fiye da na sauran mutane, yana iya cewa in dawo bayan wasu shekaru, yana kuma iya ƙi gaba ɗaya. Ƙarin kuɗin ba zai dame ni sosai ba idan bai fi ƙarfina ba. Ƙin karɓar ne nake tsoro, domin a wannan fom ɗin kansa akwai tambayar ko wani kamfani ya taɓa ƙin yi mini inshora, wato ke nan ƙin farko zai bi ni zuwa duk inda na nufa. Idan kuma na ce bari in jira shekarun su ƙaru, kuɗin wata yana hawa ne da shekarun haihuwa, iyalina kuma suna nan babu kariya a tsakanin. An ce dillali mai zaman kansa yana iya gabatar da bayanin mutum ga kamfanoni da yawa ba tare da ambaton sunansa ba, ya ji ra'ayinsu kafin a cike fom. Kana ganin wannan hanya ce mai ɓullewa, kuma ta yaya zan gane dillalin da za a iya damƙa wa irin wannan sirri?

A wurin aikina akwai inshorar rai ta ma'aikata baki ɗaya, wadda ba a yi mini tambayar lafiya kafin a saka ni ba, sai dai abin da take biya kaɗan ne, kuma ranar da na bar aikin ta ƙare. Na kuma ga irin wadda ba a tambayar komai game da lafiya, amma kuɗinta da tsada, abin da za a biya ba yawa, sannan idan mutum ya rasu da rashin lafiya a shekaru biyu ko uku na farko, yawanci abin da ya zuba kawai ake mayar wa magada. Zan so in ji ko ya dace in riƙe ɗaya daga cikinsu a matsayin madogara kafin in nemi babbar, ko kuwa asarar kuɗi ce.

Matata ta san komai, ita ce ma ta riƙa raka ni asibiti. Iyayenta ba su sani ba, haka shugabannina a wurin aiki. Idan na rubuta wannan tarihi a fom, su wa ke da ikon karanta shi a cikin kamfanin, kuma ina da damar miƙa shafin lafiyar kai tsaye ga likitan kamfani ba tare da ya bi ta hannun wakilin nan ba? Ina fatan za ka duba mini waɗannan tambayoyi, ko ka miƙa su ga wani masanin inshora da ka amince da shi. Allah ya saka da alheri.

Naka,
Wani magidanci mai bibiyar filinka